Yadda Hasken Lesa Mai Ƙarfi Ke Lalata Gilashi da Sauran Abubuwan da Haske Ke Ratsawa

Da wuya a ce mai karatu bai taɓa ganin irin kyautar nan ta gilashi da ake miƙa wa manyan baƙi a wajen taro ba, wadda ake hango hoton mutum ko tambarin kamfani a can tsakiyarta. Idan aka shafa jikinta za a ji ta sumul, babu ƙwarzane, babu alamar an tsaga an sake mannewa. Shi wannan hoton tarin ƙananan tsagu ne, dubu bisa dubu, kuma kowace ɗaya hasken lesa ne ya fasa ta a cikin gilashin, bayan ya ratsa fuskarsa bai bar ko tabo ba.

Abin tambaya a nan shi ne, tunda gilashi ba ya riƙe haske, barinsa yake yi ya wuce, ta yaya haske zai fasa shi? Amsar tana da amfani ga mutane da yawa: mai haɗa wayoyin faiba na intanet, da mai injin yankan ƙarfe ko zanen katako da lesa, da likitan ido, da kamfanonin da ke ƙera ƙwaƙwalwar waya da kwamfuta. A duk waɗannan sana'o'i, gilashin da hasken ke bi ta cikinsa shi ne ke yanke hukuncin iya ƙarfin da injin zai iya kaiwa.

Me ya sa haske ke wuce gilashi?

Haske yana tafiya ne a ƙwayoyi da ake kira foton, kuma kowane foton yana ɗauke da makamashi gwargwadon launinsa. Iya gajartar zangon hasken, iya yawan makamashin da ke cikin foton guda. A cikin gilashi kuwa akwai ilektaron da ke ɗaure a jikin ƙwayoyin zarra. Kafin ilektaron ya kuɓuce ya shiga yawo, sai ya tsallake wata katanga ta makamashi. A tataccen gilashin silika, wanda da shi ake yin wayar faiba da manyan lens, tsayin katangar ya kai kusan ilektaron-bolt 9.

To, foton na lesar da aka fi amfani da ita a masana'antu, mai zangon nanomita 1064, abin da yake ɗauke da shi bai wuce ilektaron-bolt 1.17 ba. Bai kai ko kashi ɗaya cikin bakwai na abin da ake buƙata ba. Ilektaron kuwa ba ya karɓar biyan kuɗi kaɗan-kaɗan: ko a ba shi abin da zai tsallake da shi gaba ɗaya, ko ya ƙi karɓa. Don haka foton ɗin sai ya wuce abinsa. Wannan shi ne abin da ke sa gilashi ya zama garau.

Daga nan za a fahimci cewa zama garau ba tabbatacciyar ɗabi'a ba ce, ya danganta da irin hasken. Gilashin taga da ido ke gani ta cikinsa, ga lesar iskar kabon mai zangon maikiromita 10.6 tamkar bango yake, domin a wannan zango jijjigar ƙwayoyin gilashin ce ke shanye hasken. Shi ya sa lens ɗin injinan zanen katako da leda ba na gilashi ba ne, na wani sinadari ne mai ruwan ɗorawa da ake kira zinc selenide.

Ma'aunai uku da ya kamata a sani

Kafin a shiga bayanin hanyoyin lalacewa, akwai abubuwa uku da ake aunawa: yawan makamashin da ke cikin harbi guda, da tsawon lokacin da harbin ya ɗauka, da faɗin wurin da ya sauka.

A ɗauki misalin lesa mai fitar da kashi ɗaya cikin goma na jul a kowane harbi. Wannan makamashi kaɗan ne ƙwarai, ko cokalin ruwa ba zai ɗumama ba. Amma idan harbin ya ɗauki nanosakan 10 kacal, wato kashi goma cikin biliyan na daƙiƙa, sai a raba makamashin da lokacin, a samu wat miliyan 10. Idan kuma aka tattara hasken a wurin da faɗinsa milimita ɗaya ne murabba'i, to kowane santimita murabba'i yana karɓar jul 10, ko kuma wat biliyan ɗaya. Ranar tsaka ta watan Afrilu ma abin da take saukewa a kan santimita murabba'i kusan kashi ɗaya cikin goma ne na wat. Ke nan wannan ɗan harbi ya ninka zafin rana sau biliyan goma.

Adadin da abu zai iya ɗauka bai lalace ba shi ake kira iyakar juriya. Ga lesa mai harbi ana rubuta shi da jul a kan santimita murabba'i, ga lesa mai ci ba ƙaƙƙautawa kuma da wat.

Hanya ta farko: ɗan hakin da aka raina

Mafi yawan lalacewar da ake gani a wuraren aiki ba daga gilashin kansa take farawa ba, daga abin da ke manne a jikinsa ne ko ya maƙale a cikinsa. Ƙwayar ƙura, ko maiƙon yatsa, ko ɓurɓushin ƙarfe, duk suna shan haske sosai. Idan harbi ya same su, zafinsu kan tashi zuwa dubban digiri cikin lokacin da bai isa zafin ya bazu ba. Sai wurin ya kumbura, gilashin da ke kewaye da shi kuwa yana nan da sanyinsa, ya ƙi ba da hanya. Wannan turereniya ita ke haifar da tsagu, kamar dai yadda kofin gilashi ke fashewa idan aka zuba masa tafasasshen shayi.

Wannan matsala ta taɓa ɗaure manyan masana. Gilashin da ake ƙara wa lesa ƙarfi da shi, mai sinadarin neodymium, ana narka shi ne a tukwanen ƙarfen filatinom, saboda filatinom na jure zafi kuma ba ya saurin gurɓata abin da ke cikinsa. Sai dai ƙananan ɓurɓushinsa kan rage a cikin gilashin. A shekarun 1980, babbar lesar Nova da ke cibiyar bincike ta Lawrence Livermore a jihar Kalifoniya ta Amurka ta yi fama da wannan: ɓurɓushin da ido ba ya gani ya riƙa fashewa a cikin faya-fayan gilashi masu tsada, har dole aka rage ƙarfin da ake harbawa. Ba a samu mafita ba sai da cibiyar ta haɗa kai da kamfanonin Schott da Hoya, aka sauya yanayin narkawar ta yadda filatinom zai narke ya bi jikin gilashin maimakon ya dunƙule.

Hanya ta biyu: tsagun da ke ƙarƙashin fuska

Gilashin lens ana yanka shi, a niƙa, sannan a goge har ya yi sheƙi. Gugar takan rufe saman, amma a ƙarƙashinsa akwai ƙananan tsagu da niƙan ya bari, wasu lokuta cike da ragowar hodar gugar. A shekarar 1973 Nicolaas Bloembergen na Jami'ar Harvard, wanda daga baya ya samu kyautar Nobel a 1981, ya yi bayanin yadda irin waɗannan tsagu da ramuka ke ninka ƙarfin haske a gefensu. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wannan ne dalilin da ya sa kusan kullum fuskar gilashi ke riga cikinsa lalacewa.

Akwai kuma wani abin mamaki da duk mai aiki da lesa zai lura da shi: fuskar baya, inda haske ke fita, ita ta fi saurin lalacewa a kan ta gaba. A fuskar gaba, ɗan hasken da ya dawo baya yana rage wa mai shigowa ƙarfi. A fuskar baya kuwa haɗuwa suke yi su ƙarfafa juna a cikin gilashin. Ga gilashin da ma'aunin karya haskensa 1.5 ne, ƙarfin da fuskar baya ke ji ya fi na gaba da kusan kashi 44 cikin ɗari. Ƙari a kan haka, idan wuta ta tashi a fuskar gaba, a cikin iska take tashi, har ma takan tare sauran hasken. A baya kuwa a cikin gilashin take tashi, ba ta da hanyar fita sai ta fasa shi.

Hanya ta uku: lokacin da gilashin kansa ya daina zama garau

A ce an samu gilashi tsarkakakke, babu ƙura, babu tsagu. Shi ma yana da iyaka. An ce a baya ilektaron ba ya karɓar biya kaɗan-kaɗan, amma idan foton da yawa suka iso masa a lokaci guda, yana iya haɗiye su tare. Da hasken nanomita 1064 ana buƙatar foton takwas su haɗu kafin a kai 9. Da hasken nanomita 800 ana buƙatar shida. Da hasken altarabayolet mai nanomita 351 kuwa uku sun isa. A hasken yau da kullum irin wannan haɗuwa ba ta yiwuwa, amma idan ƙarfin ya kai tiriliyoyin wat a kan santimita murabba'i, sai ta zama ruwan dare. Masanin nan na Tarayyar Sobiyet, Leonid Keldysh, shi ne ya shimfiɗa lissafin wannan a tsakiyar shekarun 1960, kuma har yau da shi ake aiki. Daga lissafin foton ɗin nan mai karatu zai gane dalilin da ya sa hasken altarabayolet ya fi kowanne cin gilashi.

Da zarar an samu ilektaron guda da ya kuɓuce, labari ya sauya. Shi wanda ya riga ya fita yana iya shan foton ɗaya bayan ɗaya, yana ƙara gudu, har ya tara abin da zai bangaje wani ilektaron ya fito da shi. Ɗaya ya zama biyu, biyu su zama huɗu, huɗu su zama takwas. Duk wanda ya saba da lissafin kwamfuta ya san inda wannan ke zuwa: ninki goma ya kai 1024, ninki talatin ya haura biliyan. Idan yawan ilektaron masu yawo ya kai kimanin 10 da sifili 20 a bayansa a cikin santimita kubik guda, wurin ya koma filasma, wato wani irin tururin wuta mai shan haske kamar ƙarfe. Daga nan duk sauran makamashin harbin a nan zai zube, sai narkewa da fashewa su biyo baya.

Hanya ta huɗu: haske ya yi wa kansa lens

Tun a 1964 aka ba da rahoton wasu siraran layuka kamar gashi da ke bayyana a cikin gilashi bayan harbin lesa, masu tsawo a miƙe, a wuraren da ba a tattara hasken ba. Dalilin shi ne, haske mai tsananin ƙarfi yana ɗan ƙara ma'aunin karya hasken gilashin da yake ratsawa. Tsakiyar hasken ta fi gefensa ƙarfi, don haka tsakiyar ta fi sauyawa, sai gilashin ya koma kamar lens. Lens ɗin ya matse hasken, matsewar ta ƙara ƙarfi, ƙarfin ya ƙara kaifin lens ɗin. Haka za a yi ta zagayawa, kamar manhajar da ta faɗa maimaicin da ba shi da mafita, har sai hasken ya tsuke ya ƙona layi.

Wannan yana farawa ne idan ƙarfin harbin gaba ɗaya ya wuce wani mataki, wanda a gilashin silika da hasken nanomita 1064 ya kai kusan wat miliyan 4. Faɗaɗa hasken ba ya sauya wannan adadi, sai dai yana tsawaita tafiyar da hasken zai yi kafin ya tsuke. Shi ya sa masu ƙera manyan injina ke faɗaɗa haske, su kuma rage kaurin gilashi iya yadda za su iya, domin hasken ya fita kafin ya gama matse kansa.

Hanya ta biyar: gajiya a hankali

Akwai lalacewar da ba ta zuwa da ƙara ko tartsatsi. Harbin da bai kai iyakar juriya ba yana iya tsinka wasu 'yan igiyoyin da ke ɗaure ƙwayoyin gilashin. Wuraren da suka tsinke sukan fara shan haske, sai harbi na gaba ya tarar da gilashin ya ɗan raunana. Bayan miliyoyin harbi gilashin ya dushe, ko ya fashe a ƙarfin da a da yake ɗauka lafiya. A injinan buga zanen ƙwaƙwalwar kwamfuta masu aiki da hasken nanomita 193, gilashin silika yana ma ɗan tsukewa da shekaru, abin da ke karkatar da zanen, kuma wannan na cikin dalilan da ake haɗawa da kiristal na calcium fluoride a wasu sassan.

Tauraron ɗan Adam na Aeolus, wanda hukumar sararin samaniya ta Turai ta ƙera don auna iska, ya ɗanɗana wani nau'in wannan matsala. Lesarsa mai nanomita 355 ce. A inda babu iska, tururin da ke fita daga manne da sauran kayan haɗi yakan sauka a kan gilasan, hasken ya gasa shi ya zama baƙin tabo, tabon ya ja zafi. Wannan na daga cikin manyan dalilan da suka jinkirta aikin shekaru da dama. Maganin da aka samu shi ne a riƙa sakin 'yar iskar oksijin a cikin na'urar don ta cinye dattin. Sai a watan Agustan 2018 aka harba shi.

Tsawon harbi da dabarar da ta ci Nobel

Ga harbin da ya wuce kimanin fikosakan 10 zuwa 20, wato kashi goma zuwa ashirin cikin tiriliyan na daƙiƙa, iyakar juriya tana tafiya ne daidai da saiwar murabba'in tsawon harbin. Idan aka ninka tsawon sau ɗari, juriyar ta ninku sau goma. Dalili kuwa, da irin wannan ƙa'ida zafi ke bazuwa a cikin abu. A 1995 masu bincike a Livermore suka nuna cewa ƙasa da wannan lokaci ƙa'idar ta daina aiki. Harbin yakan ƙare tun kafin ilektaron su miƙa zafinsu ga sauran ƙwayoyin, sai wurin ya tashi tsaf, babu narkewa a gefe, babu dogayen tsagu.

Tun bayan da Theodore Maiman ya kunna lesa ta farko a watan Mayun 1960, ƙarfin gajerun harbi ya yi ta hauhawa, sannan ya tsaya cak na tsawon shekaru, domin duk wanda ya ƙara sai ya fasa gilashin da ke ƙara ƙarfin. A 1985 Donna Strickland da Gérard Mourou na Jami'ar Rochester suka kawo mafita mai sauƙin faɗa: a ja harbin ya yi tsawo sau dubbai domin tsananinsa ya sauka, a ƙara masa makamashi yana a haka, sannan a sake matse shi bayan ya fita daga gilashin. Wannan aiki shi ya ba su kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 2018.

Yadda ake zama da matsalar a lesa mafi makamashi

Cibiyar National Ignition Facility da ke Livermore tana da layukan haske 192. A ƙarshen kowane layi, kiristal na mayar da hasken daga nanomita 1053 zuwa 351, kuma a nan ne gilasai suka fi shan wuya. A ranar 5 ga Disamban 2022 aka harba megajul 2.05 a kan ɗan ƙwayar makamashi, aka samu megajul 3.15, karon farko da haɗewar nukiliya a ɗakin gwaji ta ba da fiye da abin da lesa ta zuba mata.

Abin lura shi ne, masu cibiyar ba su kawar da lalacewa ba, sarrafa ta suke yi. Tabon da ya fara a fuskar baya yakan ƙara girma da kowane harbi, don haka ba a jiransa. Akwai kyamarar da ke duba gilasan bayan harbi, da manhajar da aka horar ta bambance tabo na gaske da ƙura ko walƙiyar banza. Tabon da aka gano ana iya jefa masa 'yar inuwa tun daga farkon layin, domin haske ya kauce masa. Idan tabo ya yi yawa sai a ciro gilashin, a ƙwaƙule kowane wuri da lesar iskar kabon ya zama ɗan rami mai santsi da ba zai ci gaba da tsagewa ba, a mayar da shi bakin aiki. Sababbin gilasai kuwa ana jiƙa su a ruwan asid mai cin gilashi domin a share tsagun da guga ta ɓoye.

Wutar da ke komawa baya a cikin faiba

Wayoyin ƙarƙashin teku da suka sauka a Legas, irin su MainOne da Glo-1 da Equiano, da layukan da suka taso daga can zuwa Abuja da Kaduna da Kano, duk gilashi ne. Zuciyar da haske ke bi a cikin zaren faɗinta kusan maikiromita 9 ne, siririya ƙwarai fiye da gashin kai. Saboda wannan ƙanƙanta, wat ɗaya kacal a cikinta ya haura wat miliyan ɗaya a kan santimita murabba'i.

A ƙarshen shekarun 1980 Raman Kashyap, yana aiki a ɗakin binciken kamfanin British Telecom, ya bayyana wani abu da ke faruwa a irin wannan ƙarfi. Idan wani wuri a zaren ya yi zafi, misali saboda datti a bakin mahaɗa ko lanƙwasa mai tsanani, gilashin wurin yakan fara shan haske. Sai ɗigon filasma mai walƙiya ya tashi, ya kama hanya yana komawa wajen da hasken ke fitowa, da gudun kusan mita ɗaya a daƙiƙa, yana barin jerin ƙananan ramuka masu kama da harsashi. Ba ya tsayawa sai an kashe lesar. Layin da ke shiga gida ko ofis ƙarfinsa bai wuce 'yan miliwat ba, don haka wannan ba ya faruwa a can. Haɗarin yana wajen na'urorin ƙara ƙarfi na dogayen layuka, inda datti kan ƙone ya manne a bakin mahaɗa tun kafin a kai ga haka.

Idan ɓarna ta zama sana'a

Abin da ke lalata lens shi ne kuma ke ba da damar yin aiki a cikin abu ba tare da an taɓa samansa ba, tunda a wurin da hasken ya tattaru ne kawai yake kai ƙarfin da zai yi tasiri. Da haka ake zana kyaututtukan da aka ambata a farko. Da haka ake yanka gilashin fuskar waya da faya-fayan silikon. Likitocin ido suna yanka fatar gaban ido da lesa mai harbin femtosakan. Haka kuma wanda aka yi wa aikin yanar ido, idan daga baya jakar da ke bayan sabon lens ɗin ta yi hazo, da harbin lesa ake huda ta. A nan likita kan saita hasken ya tattaru ɗan bayan jakar, don kada ya bar tabo a lens ɗin da aka dasa.

A fannin ajiyar bayanai ma, a 2019 kamfanin Microsoft tare da Warner Bros. suka rubuta fim ɗin Superman na 1978 a cikin faifan gilashi mai faɗin milimita 75 da kaurin milimita 2, da irin waɗannan ƙananan sauye-sauye da lesa ke yi wa gilashi.

Yadda ake karanta adadin juriya

Mai sayen lens ko madubi ko gilashin kariya zai ga an rubuta, misali, jul 10 a kan santimita murabba'i. Wannan adadi shi kaɗai ba ya nufin komai sai an san zangon hasken da aka gwada da shi, da tsawon harbin, da yawan harbin. Ƙa'idar gwaji ta duniya, ISO 21254, ta bambanta gwajin harbi guda a kowane wuri da gwajin harbi da yawa a wuri guda, kuma adadi na biyu shi ne ya fi ƙasa, shi ne kuma ya fi kusa da aikin yau da kullum.

Idan an gwada da nanosakan 10, injin mai saye kuma nanosakan 1 ne, sai a raba 10 da saiwar murabba'in 10, a samu kusan jul 3.2. Idan zangon hasken ya fi gajarta, juriyar za ta ƙara sauka. Sannan yawancin lesa tsakiyar haskensu ta ninka matsakaicinsa sau biyu, don haka da adadin tsakiyar ake lissafi. Bayan duk wannan a bar rata, kada a yi aiki dab da iyaka, domin gwajin na ɗakin bincike ne mai tsabta, ba na shago ba.

Abin da mai aiki zai kiyaye

Ga mai injin yankan ƙarfe, gilashin kariyar da ke ƙasan lens shi ne aka yi don ya mutu a madadin lens ɗin. A duba shi kafin fara aiki, kuma da an ga ɗigon ƙuna a canza shi, domin tabon zai girma, ya ɗumama gilashin, ya karkatar da haske, daga ƙarshe ɓarnar ta hau sama zuwa kayan da suka ninka shi tsada. A canza shi a wurin da babu ƙura, musamman lokacin hunturu, kuma kada a bar kan injin a buɗe. Iskar da ake hurawa ta kasance busasshiya, babu mai a cikinta.

Ga mai haɗa faiba, a duba bakin mahaɗa da na'urar dubawa, a goge, a sake dubawa, sannan a haɗa. A kashe hasken kafin a goge, kuma kada a taɓa leƙa bakin zaren da ido, domin hasken da ke ciki ido ba ya ganinsa.

Ga kowa da kowa kuwa, kada a taɓa fuskar lens da yatsa, kada a goge ta da gefen riga. A fara hure ƙurar da robar hura iska, sannan a share da takardar lens da tataccen sinadarin gogewa, shafa ɗaya a jefar da takardar.

Ido da kyamarar waya su ma lens ne a gaba, da abin da ke shan haske a baya. Hasken lesar wajen biki ko na wasan yara ba shi da ƙarfin fasa gilashin kyamara, wucewa yake yi, lens ɗin ya tattara shi a kan sensa, ya bar ɗigo ko layin da ba ya gyaruwa sai an canza ta. Haka yake yi wa bayan ido, inda ba a da abin canji. Tabarau na kariya kuma kowanne da zangon hasken da aka yi shi dominsa, a rubuce a jikinsa, don haka a karanta a tabbatar ya dace da injin kafin a kunna.